Hoton Sama da Mangwaron Baba

A wurin sunan jikata, a gidan 'yata Rabi da ke unguwar Dougoï, na ji maganar da ta hana ni jin daɗin tuwon suna. Ina cikin rumfar mata, maza suna waje, sai na tsinkayi muryar babban ɗana yana ba abokansa labari. Wai da kakansa bai yi sake ba, da yanzu muna da lambu a bayan Mayo-Oulo. Wai hoton takarda aka nuna wa tsoho, ya ruɗe, ya kyautar da gadonmu. Suka kwashe da dariya. Ban tanka ba a ranar, don ba na tsinka ɗana a gaban surukai, amma abin ya tsaya mini a wuya har muka dawo Garwa. Ku 'ya'yana, kun iya shafa waya kuna kallon ƙwallon da ake bugawa a wata duniya, ta hanyar wannan tauraron da kuke yi wa kakanku dariya a kansa. To ku zauna ku ji yadda aka yi, daga bakin wadda ta kai hoton gidan da hannunta.

Sai kun fara sanin ko mu su wane ne a wancan ƙauyen. Kakana falke ne, daga ƙasar Kano ya biyo hanya da jakunansa, yana sayar da kanwa da baƙin zane, har ya yada zango a gindin duwatsun nan bai sake tashi ba. Sarauta ta Fulani ce, ƙasa ta mutanen dutse ce tun kafin kowa ya zo, mu Hausawa kuwa kasuwa ce tamu. Ana zaman lafiya, ana cuɗanya, amma akwai wata al'ada da ba wanda ya rubuta ta kuma ba wanda ya isa ya tsallake ta. Baƙo yana iya shuka gero, ya shuka gyaɗa, duk abin da zai mutu cikin shekara. Itace ne ba zai dasa ba, don wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce. Sai in Jauro, wato mai garin, ya yarda a gaban dattawa. Ko ya yarda ɗin ma, magana ba ta ƙulluwa sai ranar da itacen ya yi 'ya'yan fari, suka nuna, mai shi ya cika kwando ya kai ƙofar Jauro. Daga ranar ya fita daga baƙunta, shi da zuriyarsa. Haka ma wajen mutuwa, namu ana ƙetare mayo da su, wato rafin da ya raba gari da zango, a binne su a can. Ba addini ne ya ce haka ba, mun dai tashi mun tarar. A can kakana yake kwance, shi da matarsa.

Baba, Alhaji Sale, a ƙauyen aka haife shi, Fulatanci a bakinsa kamar ruwa, amma har gemunsa ya yi fari in ana rabon magana a fada sai a ce, “To, baƙi me kuka gani?” Yakan yi murmushi ya ce baƙo raɓa ne, amma mu na gida mun san kalmar tana sukarsa. Ya daɗe yana bi, yana kai gaisuwa, kafin a ba shi wani ɗan fili a ƙasan gangare, a kuma ce ya dasa. Da kansa ya zo Garwa ya sayi dashen mangwaro mai aure, ya rungume su a bayan mota kamar jarirai. Da rani shi da Yaya Mamman, babban wana, suke ɗauko ruwa a jarka suna ba su. Inna kullum cikin mita take, tana cewa itatuwan nan sun fi ta shan ruwa a gidan. Shekaru suka tafi, itatuwa suka yi kai, kowa na jiran 'ya'yan fari.

Sai fari ya zo, ba a daɗe da canjin shugaban ƙasa ba. Ba zan ja ku da labarin yunwa ba, ruwa ne ya fi ba mutane wuya. Rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Mata suna tona yashin mayo har sai mutum ya ɓace a cikin rami, a samu abin da bai cika ƙwarya ba, shi ma ja wur. Yara suka yi ta gudawa, aka yi ta ƙetare mayo da ƙananan gawarwaki, aka yi ta haurawa bayan masallaci da na 'yan gari. Matan dutse kuwa, Kiristoci da masu gargajiya, tun asuba suke saukowa da tuluna su koma da rana tsaka, wani lokacin tulun wayam. Abin mamaki, a cikin wannan ƙuna, mangwaron Baba ya yi kore shar, ya yi fure, ya ɗauki 'ya'ya. Yaya Mamman ya ce albarkar Baba ce. Ni ma haka na ɗauka.

Ni a lokacin ina Garwa, a unguwar Djamboutou, da aurena da goyon wannan mai bakin da ya ja na ɗauki alƙalami. Baba ya sa ni lekol, wato makarantar boko, tun ana yi masa surutu, don haka na iya Faransanci, ga Fulatanci, ga Hausa. Da aka kawo aikin haƙa foraj a ƙauyuka, wato rijiyar burtsatse, sai aka ɗauke ni tafinta, ina shiga wurin mata ina yi musu bayani. A nan na san Injiniya Bitrus. Ɗan dutse ne, Kirista, siriri, ba ya ɗaga murya. A kasuwa ya koyi Hausa yana yaro, yana taya uwarsa sayar da wake, sannan karatu ya kai shi nesa ya dawo da sanin duwatsu da ruwan da ke ƙarƙashinsu. Na yi aiki da masu ilimi da yawa, ban ga wanda ya kai shi ladabi ba. In tsohuwa na ba shi labarin inda kakarta ke ɗiban ruwa, sai ya durƙusa ya saurara har ta gama.

Da layi ya zo kan ƙauyenmu, aka haƙa a inda dattawa suka nuna, kusa da ƙofar Jauro. Ƙura kawai. Aka koma bakin kasuwa, nan ma ƙura. Manyan aikin suka ce saura gwaji ɗaya, in bai yi ba injin zai wuce gaba, don dole ya gama zagayensa kafin damina ta rufe hanya. A ranar ne Bitrus ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya shimfiɗa wata babbar takarda a kan tebur. Na zaci zanen atamfa ne da ya lalace, ja-ja, toka-toka. Ya ce mini hoto ne, wani tauraron ɗan Adam ne ya ɗauko shi daga can sama, inda ko jirgi ba ya kaiwa. Ya nuna mini duwatsunmu, ya nuna mini mayo yana lanƙwasa kamar zaren da aka yar. Sannan ya bi wani siririn layi da yatsa, mai ɗan duhu, wanda ya sauko daga dutse ya miƙe sak. Ya ce tsagewa ce a cikin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, mai tafiya a ƙasa zai taka ta shekara da shekaru bai sani ba, sai daga nesa ake ganinta. A irin wannan tsaga ruwa ke taruwa. Ya nuna wani layin da ya gitta na farko, ya ɗora bakin fensir a mahaɗarsu. Na duba lanƙwasar mayo, na duba gangaren, sai na gane wurin.

“Injiniya, nan lambun Babana ne.”

Ya ɗago ya dube ni.

“Madam, ban sani ba. Akwai itatuwa a wurin?”

“Mangwaro. Bana suka fara 'ya'ya.”

Shi ɗan ƙasar ne, ba sai na fassara masa abin da wannan ke nufi ba. Ya dafe kai. Ya ce injin ba zai shiga ba sai an sare itatuwan, kuma dokar aikin ita ce filin da famfo ya zauna ya zama na jama'a. Ya ce ba zai je wurin sufurefe, babban jami'in gwamnati na yankin, a ƙwace ba, ko da zai iya. In Baba ya ce a'a, shi ke nan.

Muka tafi tare washegari. Baba ya karɓe shi a zaure, aka kawo ɗan ruwan da ke gidan aka ba baƙo, Yaya Mamman na zaune gefe, Inna kuwa na san tana bayan ƙofa, kunnenta ya fi na zomo. Bitrus ya shimfiɗa takardar a kan tabarma ya danne kusurwoyinta da takalmansa. Baba ya sa tabarau ya sunkuya. Ba wanda ya nuna masa komai, can sai na ga yatsansa ya tsaya a kan wani tudu.

“Wannan ba dutsen da fatake ke kwana a gindinsa ba ne, in an fito daga Mubi?”

“Shi ne, Baba Alhaji.”

“Ikon Allah. To ga mashigin da jakin mahaifina ya karye a ciki. Wa ya hau sama ya zana wannan?”

“Ba mutum a ciki, Baba. Ƙarfe ne mai ido, satelit muke ce masa. An harba shi yana kewaya duniya, yana aiko da abin da ya gani.”

Baba ya yi dariya, ya ce, “Ɗana, mu dai mun san komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.”

Bitrus ya ce, “Gaskiya ne, shi ma faɗowa yake yi. Sai dai an jefa shi da ƙarfin da kafin ya iso, ƙasar ta lanƙwashe ta kauce masa. Haka zai yi ta faɗowa bai iso ba.”

Wannan magana ta yi wa Baba daɗi ƙwarai. Ya sa aka maimaita masa, ya ɗauki lemon tsami ya kewaya shi da ƙwayar gyaɗa, yana gyaɗa kai. Mutum ne mai son sanin yadda abu ke aiki, agogo ma in ya saya sai ya buɗe bayansa. Amma bai bar Bitrus haka ba.

“To gaya mini. Mutanen da suka yi wannan, sun gama da yunwar ƙasa ne da suka tafi sama? Me suka ajiye a can?”

“Ni ma na yi wannan tambayar ina ɗalibi, Baba. Wasu don gasa suka fara, wasu don son sani. Amma da suka kai can suka waiwayo, abin da suka fi gani ƙasa ce. Daga can ake ganin hadari tun yana haɗuwa, a gaya wa masu jirgi da manoma. Daga can ake ganin inda ciyawa ta ƙare, da inda kogi zai yi ambaliya.”

Yaya Mamman ya katse shi, ya ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da aka haifa a nan, ƙarfe zai nuna mana ƙasarmu?”

“Haka ne, Malam Mamman. Mai ɗaki ya san inda ruwa ke ɗiga. Wanda ya hau rufin kuma ya ga inda tsagar ta faro. In sun haɗa baki sai a gyara ɗakin.”

Sannan ya nuna mahaɗar layukan, ya faɗi abin da ya kawo shi, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce yadda mangwaron ya yi kore ma shaida ce, saiwarsu ta sami abin sha. Ya ce zai ja wayoyinsa a ƙasa ya ƙara aunawa, amma ko bayan haka ba zai rantse ba, don ruwa na Allah ne. Yana iya yiwuwa a sare itatuwan a tarar da ƙura. Baba ya cire tabarau ya ce a ba shi zuwa gobe.

Bitrus na fita gida ya kama da wuta. Yaya Mamman ya ce 'ya'yan mangwaron sun kusa nuna, a jira a kai kwando ƙofar Jauro, fili ya tabbata namu, sannan a yi maganar foraj. Na ce masa injin ba zai jira ba, kuma ko ya jira, filin famfo na jama'a ne. Sai ya juyo kaina.

“Ke kika jawo mana wannan. Mun yi shekaru muna ɗaukar jarka a kafaɗa, kina can Garwa kina lanƙwasa harshe da Nasara. To ki sani, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.”

“Yaya, in dai ruwan zai zo, ya dake ni.”

Inna ta fito tana tafa hannu. Ba ta kiran sunan Yaya, don ɗan fari ne, ba ta kuma kiran na Baba.

“Ku rufa mana asiri! Malam, ka ji yaron nan da gaskiyarsa. An ba ka wuri da ƙyar, yau ka mayar, gobe wa zai sake ba ka? Su da suke da ƙasa tun daga nan har dutse, a rasa inda za a huda sai ɗan tafin hannunka?” Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, “Amma jiya ma an fita da gawar yaron Hanne maƙwabciyarmu.”

Haka Inna take, takan faɗi gaba ta faɗi baya, ta bar ka da kayan. Da aka idar da sallar magariba Baba ya kira ni muka taka zuwa lambun, sauran haske bai gama ɓacewa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ya bi itatuwan yana taɓa 'ya'yan, kore, masu tauri, ba su kai ƙwan agwagwa ba. Bitrus ya gaya mana cewa a irin wannan lokacin akan ga taurarin ɗan Adam suna wucewa, don rana na haska su bayan ta faɗi a wurinmu. Muna tsaye kuwa sai ga wani ɗan haske yana tafiya a hankali, ba ƙyaftawa, ba ƙara. Ko shi ne mai hoton ko wani ne, oho. Baba ya bi shi da kallo har ya shige.

“Uwata, kin yarda da yaron nan?”

“Na yarda ba zai yi maka ƙarya ba, Baba. Ruwan ne ban sani ba.”

“Mutane suka zauna a wata ƙasa, ba su san ni ba, ba su san Hanne ba, suka ɓata shekaru suna ƙera abin da zai hango mana ruwa. Ɗan dutse ya je ya koyo karatunsa. Duk sun yi nasu. Saura ɗan tafin hannu, shi ne a wurina.” Ya tsinki ɗanyen mangwaro ɗaya ya gatsa, ya yamutsa fuska. “In na kai kwandon nan, Jauro zai ce na zama ɗan gari. To ɗan garin da ya san inda ruwa yake ya zauna a kai, me sunansa?”

Da safe ya je fada ya faɗa a gaban dattawa cewa ya mayar da fili, a haƙa. Bitrus ya ja wayoyinsa, ya kafa ƙarafa, ya auna, ya buga turke a tsakiyar lambun. Da aka zo sara, Baba ya hana 'yan aikin taɓawa, ya ce wanda ya dasa shi zai sare. Ya ɗauki gatari ya fara, amma ƙarfinsa bai kai ba. Yaya Mamman ya zo ya fizge gatarin, bai dubi kowa ba, ya yi ta sara yana kuka kamar ƙaramin yaro har ya kayar da na ƙarshe. Inna ta bi rassan da kwando tana tsince ɗanyun 'ya'yan, tana cewa ba za a yi asara biyu ba. Ta yanyanka su ta shanya. Shekarar nan duk miyar gidanmu tsami ce, har yau in na ga ɗanyen mangwaro haƙorana mutuwa suke yi.

Injin ya shiga ya kafa. Ƙararsa ta cika gari, ƙura fara tana tashi tana sauka a kan mutane, kowa ya zama kamar an tono shi. Yinin farko ƙura. Washegari ƙura. Ana ƙara bututu a kan bututu, tulin da ke kan kamiyo, babbar motar kayan, yana raguwa, ina kallonsa kamar hatsin ƙarshe a rumbu. Na fara jin ƙus-ƙus a cikin taro, ana cewa Bahaushe ya yi biyu babu. Bitrus na durƙushe a bakin ramin, yana tara ƙurar a tafin hannu, yana murzawa, yana shinshinawa, leɓensa duk ya tsage. Baba kuwa na zaune a kan kututturen mangwaro da carbinsa, cikin rana, ya ƙi matsawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba don fili ba, don fuskar Baba, in ya tashi daga kututturen nan hannu wofi.

Wajen la'asar sai ƙurar ta canza, ta yi duhu, ta daina tashi sama. Ƙamshi ya bugi hancina, irin na ƙasa in an yi ruwan fari. Bitrus ya dunƙula abin da ke hannunsa, ya dunƙulu, bai warwatse ba. Ya miƙe ya nufi Baba ya sa masa a tafin hannu. Kafin Baba ya buɗe baki ramin ya yi wani tari, taɓo ya yi tsalle, sai ruwa ya biyo, ya tashi ya fi tsayin injin, ya zubo a kanmu duka. Matan dutse suka saki guɗa, Fulani na kabbara, yara suka afka cikin taɓo. Ni da ake biya don in yi magana da harshe uku, ko ɗaya ban samu a bakina ba. Baba ya jira har ruwan ya washe, ya tara hannu ya sha, ya yi alwala a tsanake, ya yi sallar la'asar a nan kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da ya sallame ya kira Bitrus ya ce, in akwai hanyar aika gaisuwa ga maƙeran ƙarfen nan, a ce musu Alhaji Sale ya gode.

Kada ku zaci daga nan komai ya yi daɗi. Jauro ya yi godiya, aka ce useko, wato an gode da Fulatanci, aka watse, ba wanda ya ce ga wani fili madadin wancan, Baba kuma bai roƙa ba. A fada aka ci gaba da cewa baƙi me kuka gani. Yaya Mamman ya kwashe iyalinsa ya koma Mubi, ya yi shekaru ko gaisuwata ba ya amsawa, kuma ban ga laifinsa sosai ba, ƙuruciyarsa ya zuba a gindin itatuwan nan. Baba ya rasa mai taya shi a rumfar kasuwa, ciniki ya ja baya, ya tsufa da wuri. Amma gudawar yara ta tsaya, matan dutse suka daina kwana a hanya. Shi kuma ya sami sabon abin so. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin jifan da ba ya faɗowa, da lemon tsami da ƙwayar gyaɗa. In rediyo ya ce ana sa ran ruwa jibi, sai ya ɗaga yatsa sama ya ce, “Mutumina ne ya hango.” Inna ta ce ya yi aboki a sama tun bai mutu ba.

Na yi shekaru a wannan aiki bayan nan, na ga an sami ruwa da irin hoton a ƙauyukan da aka fid da rai, na kuma ga inda aka haƙa aka tarar da ƙura, don Bitrus bai yi ƙarya ba da ya ƙi rantsuwa. Na rayu har na ga ana gargaɗin mutanen bakin Binuwai tun ruwa bai iso ba, na ga direba na bin hanyar da bai taɓa bi ba waya na gaya masa inda zai karya. Shi ya sa in na ji mai ilimin shan shayi yana cewa me ake nema a sama, sai in ce a raina wannan bai taɓa tona yashi da ƙwarya ba.

Baba ya rasu da sanyin safiya, bayan gajeriyar jinya. Yaya Mamman ya iso daga Mubi ana shirin wanka, muka haɗa ido, kowa ya kau da kai. Ba mu aika kowa ɗiban ruwa ba, amma kafin a ankara tsakar gida ta cika da tuluna, matan gari da matan dutse kowace ta sauke nata daga famfon ta koma gefe ta zauna. Aka yi masa sutura, aka sallace shi, maza suka ɗauka suka fita. Mu mata ba ma bin gawa, don haka abin da ya faru a hanya daga bakin Yaya na ji shi. Da suka dawo bai tsaya wurin maza ba, ya shigo har ɗakin Inna, ƙafafunsa duk ƙasa, ya durƙusa a gabana.

“Uwar Baba, ba mu ƙetare mayo ba.”

Na ce, “Kamar yaya?”

“Mun kai mararraba, za mu gangara, sai Jauro ya sa sandarsa ya tare hanya. Tsohon nan da ƙyar yake tsayuwa. Ya ce ina za ku kai shi? Na ce wurin iyayensa, inda ake kai baƙi. Ya ce duk wanda ke wurin nan da bai sha ruwan mutumin nan ba ya ɗaga hannu. Ba wanda ya motsa. Sai ya kama ƙafar makarar da kansa ya juya ta.”

Ya kifa kansa a gwiwata, ƙaton mutum mai furfura, muka yi kukan da muka daɗe muna bin juna.

To kun ji. Ba mu da lambu a bayan Mayo-Oulo, wannan gaskiya ne, kuma ba za mu yi ba. Abin da muke da shi a can bai fi tsawon mutum ɗaya ba, a bayan masallaci, a tsakiyar 'yan gari. Kai mai bakin, in ka tashi zuwa ganinsa, ka fara biyawa ta famfo ka sha, sannan ka je ka gaya wa kakanka wautar da ya yi.